Wanda Ya Goge Fuskar Tela

Mai jarida ne ya fara gani. Ya iso shataletale da safe yana kakkaɓe ruwan saman da ya kwanta masa a tebur, ya ɗaga kai kamar yadda ya saba, sai ya ga matar ba ta da fuska.

Fostar ƙatuwa ce, an buga ta a kan fallen roba mai kauri, faɗinta ya kai gefen babbar mota. Tun da Tela, matar nan mai ɗinki, ta ɓata, mijinta ya sa aka rarrataya irinta a manyan mahaɗun gari: hotonta da mayafi ruwan toka, a sama an rubuta ANA CIGIYA, a ƙasa ga lambar wayarsa. To, rubutu na nan daram, lamba na nan tana sheƙi, mayafin ma ko gezau. Amma a tsakiyar mayafin sai wani farin dabbare kamar an kifar da madara, tawada ta zubo layi-layi har ƙasan haɓa.

Kafin hantsi labari ya zo cewa haka ta bakin kasuwa ta zama, haka ta kan gada, haka ta ƙofar asibiti. Nan gari ya ɗauka. Kowa ya ce wanda ya sace matar ne ba ya so a gane ta. Wani ya tuna cewa Fenta, tsohon da ke rubuta allunan shaguna da buroshi, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa injinan buga fosta sun ƙwace masa abinci daga baki. Wani ya ƙara da cewa yana da tsani, yana kuma da galan na tina, ruwan nan mai narkar da fenti. Biri ya yi kama da mutum. Kafin 'yan sanda su iso an karya masa haƙarƙari. Suka ɗauke shi don su cece shi, da suka kai shi kuma suka kulle.

*

Mai Sawu yana zaune a tsakar gidan 'yarsa yana mulke gwiwoyinsa da man zafi, aka ce ana sallama. Mijin Tela ne, wanda ake kira Mai Tireloli. Bai jira an ba shi wurin zama ba.

"Baba, wancan karon ka ce kwalta ta cinye maka sawu. Na haƙura. To yanzu ga wanda ya hau tsani a tsakiyar gari. Shi ma kwaltar ce za ta cinye?"

Mai Sawu ya sunkuyar da kai. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gandun daji, yana bin sawun mafarautan sata da dabbobin da suka ɓace. Akwai lokacin da zai dubi ciyawar da aka taka ya faɗi nauyin wanda ya taka ta. Amma ran da aka kawo shi ya bi sawun Tela, daga ƙofar gidanta ya bi takalminta har bakin titi, daga nan shi kenan. Ya tsaya kamar wanda ya zo bakin kogi ba jirgi, motoci na wucewa, yara na kallonsa.

"Ai an kama Fenta," in ji shi.

"Ya ƙi magana. Ni dai hujja nake so, wadda zan kai musu su matse shi ya faɗi inda ya kai min kayana."

Mai Sawu ya ɗaga ido. "Kayanka?"

"Iyalina, Baba. Ka gane ai."

Ya ɗauki sandarsa. Ba don mijin ya tashi ba. Ya san Fenta tun suna da baƙin gashi, mutumin da ko kaza aka yanka sai ya kau da kai.

*

Ƙarƙashin fostar shataletale akwai ɗan fili na furanni, ƙasarsa laushi. Mai Sawu ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara. Ya ga sawun masu kallo birjik, duk na bayan ruwa ne, bakinsu kaifi. Ya ga ramuka biyu na ƙafar tsani, amma tsofaffi ne, ruwa ya cika su da yashi, har wata 'yar ciyawa ta tsiro a ɗaya. Na ranar da aka rataya fostar ke nan. Sabon ramin tsani kuwa babu.

Ya tafi kan gada, siminti. Bakin kasuwa, kwalta. Ƙofar asibiti, dutsen daɓe. Ƙasa ta ƙi yi masa magana. Ya tsaya yana kallon farin dabbaren a can sama, inda hannunsa ba ya kai, idonsa ma da ƙyar.

A wurin 'yan sanda aka bar shi ya ga Fenta ta tsakanin ƙarafuna. Yana kwance ta gefe ɗaya, yana jan numfashi kaɗan-kaɗan.

"Abokina, ka hau tsanin nan ko ba ka hau ba?"

Fenta ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi. "Tsanin da na sayar tun bara? Jiri nake gani ko kan kujera na hau. Kuma ka ji, da tina aka zuba, da ba fari zai yi ba. Tina in ta sha tawada baƙi-baƙi take bari, robar ma sai ta yamutse. Na faɗa musu, suka ce ashe na san kan aikin." Ya rufe ido. "Bakina ne ya ja min. Ka ce wa matata ta daina zuwa, kuka take min."

Daga nan ya bi ta garejin yayan Tela, domin akwai masu cewa ba ya ga maciji da mijin. Ya same shi a ƙarƙashin mota. Ya fito yana goge hannu, ya nuna inda ya kwana daren da abin ya faru, maƙwabta suka shaida. Da Mai Sawu zai tafi ya ce, "Allah ya bayyana ta."

Yayan ya ajiye tsumman hannunsa. "Allah ya tsare ta a inda take, Baba."

Mai Sawu ya yi tafiya mai nisa kafin ya lura cewa mutumin bai ce amin ba.

*

Shagon buga fosta dogon ɗaki ne mai warin tawada. Inji na gefe ɗaya yana fitar da hoton kwalbar lemo mai tsawon mutum. A can ciki akwai faffaɗan tebur, wata mata sanye da rigar leda tana tura rola, irin ta shafa fenti, a kan wata fosta, a hankali, ba ta ko ɗago kai ba.

Mai shagon ya tarbe shi, yana tsoron kada a ce da hannunsa.

"Baba, aikinmu ba ya haka. Dubi lambar wayar, ko ɗigo ya goge? Tawada ita kaɗai ba ta jure rana da ruwa, gaskiya ne, shi ya sa muke shafe ta da ruwan kariya. Zo ka gani."

Ya kai shi gaban wasu jarkoki. "Wannan na waje ne. Wari gare shi, yana kuma daɗewa bai bushe ba, amma in ya kama, ko da tiyo ka wanke. Wannan kuwa na cikin ɗaki ne, na hotunan ofis da na ɗakin taro. Ba wari, nan da nan ya bushe, ga taushi a ido. Amma shi da ruwan sama kamar gishiri ne. Kowannensu akwai mai sheƙi akwai marar sheƙi. Mai Tireloli da kansa ya zaɓi na waje mai sheƙi, wai don fitilar mota ta riƙa haska ta."

"Wa ke shafawa?"

"Ƙanwata ce, Bahaguwa. Tun da mijinta ya rasu take tare da ni. Hannunta ko inji albarka, ba ta taɓa ɓata min aiki ba."

Matar ta gaishe shi ba tare da ta tsayar da rolar ba. Mai Sawu ya tsaya yana kallon yadda take aiki da hagu, daga sama zuwa ƙasa, layi na hawa gefen layi kamar kunyoyin gona.

"Duka fostocin aka lalata?" ya tambaya.

"Saura ɗaya," in ji mai shagon. "Ta cikin rumfar jiran fasinja a tasha. Ita ɓarawon ya ji tsoron masu gadi."

*

Bai je tasha ba sai da rana ta karkata. Duk mai bin sawu ya san tsakar rana makauniya ce. Sai haske ya kwanta gefe ƙasa ke faɗin abin da ta gani.

Fostar na jikin bangon rumfa, ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin rufin kwano. Nan ne ya ga fuskar Tela sosai. Doguwar fuska, ido a ɗan lumshe, murmushin da bai kai ido ba. Ya matsa gefe, ya manna kumatunsa da bango, ya kalli fostar ta kaikaice yadda hasken yamma ke bin samanta.

Sai ga sawu. Sawun rola ne, a bushe cikin ruwan kariya kamar sawun taya a laka. Daga sama zuwa ƙasa, layi kan layi, a kan rubutu, a kan lamba, a kan mayafi. Amma da layukan suka iso fuska, sai suka kauce. Rolar ta zagaye fuskar, ta bi gefen mayafi a hankali kamar mai tafiya a bakin rijiya. A cikin zagayen kuma wani sawu ne dabam, gajere-gajere, marar sheƙi. Inda biyun suka haɗu akwai ɗan tudu siriri, farcensa ya ji shi.

Ya ari buta wurin wani direba, ya jiƙa hankicinsa, ya danna a kan lambar waya. Ruwa ya zame. Ya danna a gefen kumatu, ya ɗan jira. Da ya ɗaga, wurin ya yi fari, launin fatar matar ya biyo hankicin.

Ba wanda ya hau tsani. Ba wanda ya zo da tina. Tun a kan tebur aka yanke wa fuskar nan hukunci, aka bar wa hadari ya cika aiki.

Ya zauna a bencin fasinja, hankici a hannu. Ya bi sawu har ƙarshensa a karo na farko tun da ya bar daji, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba.

*

Ya sami Bahaguwa washegari a bayan shago tana wanke rola a bokiti. Ya miƙa mata hankicin. Ta dube shi, ta dubi tabon, hannunta ya tsaya cikin ruwa.

"'Yar nan, yayanki ya ce ba ki taɓa ɓata aiki ba. Ni ma na ga hannunki. Wannan ba kuskure ba ne."

Ta ciro hannunta daga bokitin. Sannan ta ce, "Ita ke min ɗinki, Baba. Shekara da shekaru ina ganin ta ɗaure kai har gira, ina ganin ta ɗauki almakashi hannu na rawa, ta ce faɗuwa ta yi. Ran da ta tafi, nan ta biyo. Ba ta iya buɗe ido ɗaya. Ta ce mijin ya rantse in ta sake kai ƙara gida, gawarta za a mayar. Na raka ta ta hau mota."

"Ina ta nufa?"

"Ban sani ba. Ni na ce kada ta faɗa min, don na san kaina, in aka matsa min zan iya faɗa." Ta matse rolar. "Sai ga shi ya shigo da hotonta. Hoton ma akwai tabo a gefen ido, ya tsaya a kan yayana har aka goge shi a kwamfuta. Aka shimfiɗa min ita a tebur, fuskarta ta fi ƙofar ɗaki girma, aka ce in shafe ta yadda za ta shekara ana gani. Ka ce in yi yaya? In ƙi, ya tafi wani shago. In yi magana, wa zai yarda? Mutum ne mai raba wa marayu kaya."

"Fenta na kulle da karyayyen haƙarƙari."

"Na sani." Hawaye ya zubo, ba ta share ba. "Na ɗauka za a ce ruwan sama ne kawai. Wallahi ban taɓa kawo wa za su taɓa wani ba. In ka ce in fito in faɗa, zan faɗa. Amma mijin zai ce me ya sa, daga me ya sa sai ina take. Kuma ba zai yarda ban sani ba."

Mai Sawu ya dogara da sandarsa. Gaba kura, baya sayaki. In ya yi shiru, tsoho zai mutu a kulle kan abin da bai ji ba bai gani ba. In ya buɗe baki duka, to mata biyu ke nan ya miƙa ga mutum ɗaya. Ya juya maganar ta kowace fuska, bai ga hanyar da kowa zai fita lafiya ba.

"Ki nemo dalili," ya ce a ƙarshe. "Dalilin aiki, wanda mai sana'a zai ji ya yarda. Ni zan faɗi abin da aka shafa. Ba zan faɗi abin da ke zuciyar mai shafawa ba, ai ba a ganin wannan a sawu."

*

Aka taru a shagon. Mai Tireloli ya zauna a kujerar mai shago. Ɗan sanda ya zo da Fenta, aka jingina shi da bango. Yayan Tela ya tsaya bakin ƙofa, bayansa 'yan unguwa sun cika titi. Aka kwanto fostar tasha aka shimfiɗa a tebur.

Mai Sawu ya yi bayanin ramukan tsani, ya yi bayanin rufin kwano. Sannan ya ɗauki kofin ruwa ya kwara a kan rubutun, ruwa ya gangare. Ya sake cikawa ya kwara a goshin hoton. Mutane suka tsaya suna kallon fuskar tana yin fari a gabansu.

"Ga ɓarawonku," in ji shi. "Ruwan sama. An shafe fuskar da ruwan kariya na cikin ɗaki. Fenta ko kusa da fostocin nan bai je ba."

Waɗanda suka yi dukan suka fara kallon ƙafafunsu. Mai shagon ya juya ga ƙanwarsa, baki a buɗe.

"Ni ce, Yaya," ta ce. "Na ga mai sheƙin nan in rana ta doke shi walƙiya yake, ba a gane kamannin mutum. Sai na ce bari in sa marar sheƙi a fuskar don a gane ta sosai. Marar sheƙin da ke shago kuwa na ɗaki ne kaɗai. Na ɗauka zai jure."

Mai Tireloli ya miƙe. Ya tako har gabanta, ya tsaya yana kallonta, ya daɗe. Mai Sawu ya ƙara damƙe sandarsa. Ya san in mutumin ya ɗaga hannu, ba abin da tsoho mai ciwon gwiwa zai iya.

"Ka ga illar ba wa mace aikin maza," in ji Mai Tireloli, ya juya ga mai shagon. "Amma ta yi magana ɗaya mai kyau. Akwai marar sheƙi na waje?"

"Akwai, ranka ya daɗe, sai dai a yi oda. Shi ne ma mafi ƙarfi. Rana ba ta cin sa, ruwa ba ya cin sa. Shekaru zai yi."

"To a kawo shi. A sake bugawa, a ninka yawansu, har garuruwan da motocina ke zuwa. Kai za ka shafa da hannunka, ina tsaye. Ita kuma kada in sake ganinta kusa da teburin nan." Ya dafa kafaɗar Mai Sawu yana murmushi. "Baba, ashe da sauranka. Ba don kai ba da haka zan yi ta asara ban san dawan garin ba."

Aka cire wa Fenta ankwa. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Yayan Tela ya dubi Mai Sawu sau ɗaya, ya juya ya fita. Bahaguwa ta tuɓe rigar leda ta ninke, ta ajiye a kan jarka.

*

Damina ta yi nisa kafin Mai Sawu ya sake shiga gari, shi ma asibiti ne ya kai shi saboda gwiwa. A hanyar dawowa ya hau motar haya, ana yayyafi. Kusa da shi wata dattijuwa ce da jakar tafiya a cinya, ta ce daga garin da 'yarta ke aure take, ta je ganin jika.

Cunkoso ya tsayar da su a shataletale. Sabuwar fostar na can sama, ta fi ta da girma. Ba walƙiya, ba dishi-dishi, kowane gashin gira a fili. Ruwa na sauka a kan fuskar yana gangarewa kamar a bayan agwagwa.

Dattijuwar ta goge gilashi da gefen mayafinta, ta ƙura ido. "Ikon Allah! Ai na san wannan. Ita ce mai ɗinki a bayan layin su 'yata. Ita ta ɗinka wa jaririn kaya."

Mai Sawu ya yi saurin katse ta. "Kama ce, Hajiya. Mutane na kama da juna."

"Wace irin kama? Dubi yadda hoton ya fito, kamar ta yi magana. Baƙuwa ce a can, ba ta shiga mutane. Allah sarki, ashe nemanta ake." Ta fara lalube cikin jaka.

"Ki bari ki fara tambayarta," ya ce. "Wani lokaci mutum yana da dalilinsa. Ki saurare ni, Hajiya, mijin nan..."

"Haba Malam, ba ka da 'ya'ya ne? Ka san abin da ke cikin zuciyar wanda nasa ya ɓata? Ladan nan ba zai wuce ni ba." Ta ciro wayar, ta riƙe ta nesa da ido. "Direba, kada ka ja tukuna. Wa zai karanto min lambar can?"

Mai Sawu ya kau da kai daga fostar. Wani fasinja daga baya ya leƙo, ya karanto mata ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada ta yi kuskure.

Motar ta ja. Dattijuwar ta kara wayar a kunne tana murmushi. Daga inda Mai Sawu yake zaune yana jin ƙararta tana shiga.